Furen Langa a Ƙafar Roba

Ƙafar farko da suka yi mini fara ce sol. Tsohon da ya haɗa ta ya ɗauko ta da hannu biyu, ya ajiye a kan benci, ya ja baya yana jiran in yaba. Na dube ta. Daga ƙasan gwiwa har yatsu launin kazar da aka fige, har da ɗan ja-ja a farata. Yayana, wanda ya kawo ni Guangzhou ta ƙasar China, ya kama hannuna ya ɗora kusa da ita, ya ce wa tsohon da Hausa, sai ka ce zai ji, "Malam, duba fa. Wannan ai ta mutanenku ce." Tsohon ya dubi hannuna, ya dubi ƙafar, ya ce meyo. Ita ce kalmar da na fara koya a garin, ma'anarta babu.

Ni dai duk ɗaya ne a wurina. A lokacin nan ko taɓarya suka kawo suka ce in sa, sawa zan yi.

Kusan shekara biyu kafin nan muna dawowa daga suna a Zariya motarmu ta yi taho-mu-gama da tirela. Na farka a asibiti babu ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Masu dubiya suka yi ta zuwa, kowa ya ce na auna arziki, ni kuma in ce alhamdulillahi. Ban yi kuka ba, ko sau ɗaya. Mata suka riƙa ba da labarina a gidajen biki, wai a je a ga tawakkali. Wallahi ba tawakkali ba ne, ba na dai jin komai ne. Abinci in aka ba ni in ci, in ba a ba ni ba ba na nema.

Abu ɗaya ne ya rage yana motsi a cikina, shi ne 'yata. Ita kaɗai gare ni, 'yar fari, lokacin ba ta wuce shekara uku ba. Aka kawo ta asibiti ta gaishe ni, aka yi rashin sa'a ana cikin wanke ciwon, babu mayafi a kai. Ta gani. Ta yi ta ƙara har sai da ta shiɗe, aka fita da ita a guje. Tun daga ranar ba ta ƙara shiga ɗakina ba. Ta koma kwana wajen kakarta, uwar maigidana, a ɗaya ɓangaren gidan. Da ta ji ƙarar sandunana a tsakar gida sai ta ruga bayan randa ta ɓuya, ta rufe ido da hannu.

Wanda bai san mu ba zai ce, to ki yi magana mana. A gidanmu ba a yi. 'Yar fari ba a kiran sunanta, ba a ɗaukarta a gaban mutane, ba a tambayar ta ci ko ba ta ci ba. In ta faɗi a gaban surukai kau da kai kike yi, wata ta ɗaga ta. Haka uwarmu ta yi wa Yaya, haka ni ma na yi, kuma an yabe ni a kai. "Waccan yarinyar" nake cewa. Saboda haka da ta daina zuwa wurina babu wanda ya ga wani abu ya ragu. Ba su san cewa in an watse, ɗaki ya zama daga ni sai ita, nakan kwantar da kanta a cinyata in yi mata kitso, in tsefe, in sake, don kawai kada ta tashi. Wannan ne na rasa, kuma ba ni da bakin da zan ce na rasa shi.

Da Yaya ya zo da maganar cewa a China ana yin ƙafar roba mai kyau, kowa ya ɗauka don in yi tafiya na yarda. Tafiya ina? Lissafina ɗaya ne. In na dawo da ƙafa biyu, babu sanda, babu abin da ya nuna, yarinya ce, za ta manta.

Yaya ɗan Kantin Kwari ne, yadi da kayan sawa yake kawowa. A ƙarshen shekarun casa'in ɗin nan ne mutanenmu suka fara barin Bangkok suna juyowa Guangzhou, shi ma yana cikin na farko-farko. Baƙar fata ba su da yawa a garin tukuna. In namiji ya wuce a bi shi da kallo, balle ni, ga baƙi, ga mayafi, ga sanda biyu. Masu keke har tsayawa suke. Muka sauka a wani bene kusa da tashar jirgin ƙasa, ɗakina yana kallon bayan wani benen, inda kowace taga ta turo gora da shanya a kai. Zafin garin jiƙaƙƙe ne, wanki ya kwana biyu bai bushe ba. Yaya ya fita tun safe, ya dawo mini da taliya daga wajen Musulmin garin masu farar hula, in barbaɗa yajin da na zo da shi in ci. Sauran yinin ina zaune ina kallon wandunan mutane suna ɗiga.

A ɗakin da ke kusa da nawa akwai wata Hajiya 'yar zangon Kumasi, mai aika takalma da mayafai gida. Doguwa ce, ta manyanta, muryarta tana riga ta shiga wuri. Hausarta ta zango ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne. Ranar da ta fara shigowa sai da ta zauna a bakin gadona sannan ta ƙarasa sallama.

"Kai, wa ya mutu a ɗakin nan?"

Na ce babu kowa, Hajiya.

"To buɗe taga. Ni ba na maƙwabtaka da zaman makoki."

Daga ranar ta ɗauke ni kamar wani kaya da aka ba ta ajiya. Ita ke raka ni wajen tsohon in Yaya ya tafi kasuwa, don tana jin Turanci, ta kuma tsinci ɗan yaren garin na ciniki.

Tsohon ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya mayar da ƙafar ciki, bayan 'yan kwanaki ya fito da ita ya shafe ta da fenti ruwan ƙasa. Ta fito launin bencin makaranta, tana ƙyalli. Yaya ya ce, "Yauwa, ai ta yi kusa." Ba ta yi ba. Farar ma ta fi, don ita an san ta wani ce. Wannan kuwa so take ta zama tawa ta kasa, duk wanda ya kalle ta sai ya sake kallo. Haka na sa ta, na shiga tsakanin ƙarafa biyu ina koyon tafiya, dungulmin yana kumbura yana saɓulewa, tsohon yana tafa hannu yana ƙirga mini da yarensu. Yaya don murna ya je ya sayo mini silifas masu duwatsu. Aka zo sawa, ashe yatsun a manne suke, babu inda igiyar za ta shiga. Ya tsaya riƙe da takalmi ɗaya, ya rasa inda zai ajiye shi.

Hajiya ce ta kawo shawarar lalle. Ta ce ƙafar mace in ta sha lalle babu mai tambayar launinta, kuma tana da shi a jaka. Muka kwaɓa, ta zauna a ƙasa ta ƙunsa mini duka biyun, ta gaske da ta roba, ta ɗaure da leda kamar yadda ake yi a gida. Muka zauna tun azahar har magariba, tana ba ni labarin mazajenta uku. Da aka kwance, ta dama ta kama jawur har ta yi duhu, gwanin kyau. Ta hagu kuwa ruwa na taɓa ta lallen ya bi shi, sai dabbare-dabbare kamar tsatsa a gindin bokiti. Manyan mata biyu, babu wadda ta tsaya ta yi tunanin roba ba ta shan lalle. Hajiya ta yi dariya har da hawaye, tana dukan cinya. Can ta ɗago ta ga ni ba dariya nake ba, ba kuma kuka ba, kallon bango kawai nake. Ta daina dariyar.

"Kai, kana ba ni tsoro," in ji ta.

Ranar Lahadi Yaya yakan kai ni wani shago a buga waya Kano, ofishin wani abokin maigidana, inda maigidan yake zuwa ya jira. Mutumin kirki ne maigidana, mai ƙarancin magana. Ya tambayi jiki, ya tambayi ƙafa, ya ce Inna, surukata, tana gaishe ni. Ni kuma in ce, "Ya mutanen gida?" Ya ce kowa lafiya. Shi ma 'yar farinsa ce, shi ma ba zai ambace ta ba. Layi yana ta ƙara, Yaya yana duban agogo. Sai in ce to a gaida kowa, in ajiye.

Da tafiyarmu ta matso, Hajiya ta ce tunda launi ya ƙi, sai a rufe. A nemo dogayen siket masu jan ƙasa da safa mai kauri. Ta sa ni a tasi muka tafi kasuwar tufafi ta Baima.

Wanda bai shiga Baima ba ba zai gane ba. Bene ne hawa-hawa, shaguna ƙanana a jere kamar akurki, 'yan mata a tsaye kan kujeru sanye da kayan da ake sayarwa, masu dako suna jan buhuna suna ihu a ba su hanya, ko'ina ƙarar salatif ana ɗaure kaya. Ranar ce fitata ta farko da sanda ɗaya. Muka yi ta zagaye, duk siket ɗin da muka ɗaga gajere ne, na matan da ba su da abin ɓoyewa. Sai can wani lungu muka ga shagon da kayansa suka bambanta. Riguna masu faɗi, kusurwa huɗu kamar an yanke buhu, an cika ƙirjinsu da surfanin furanni. Siket dogaye har ƙasa, ja da kore da shuɗi, an bi bakinsu da farin leshi mai tattara. Mai shagon, wadda Hajiya ke kira lawban kamar yadda ake kiran duk mai shago a can, wata gajeriyar mace ce mai askin maza. Ta ce kayan ba na sayarwa ɗai-ɗai ba ne, wata Baturiya ce ta ba da aikin, can za a kai su.

A jikin bango, sama da kanta, an manna hotuna da aka yanko daga wani littafi, su ne samfurin da Baturiyar ta kawo. Mace ɗaya ce a cikinsu duka. Girarta a haɗe, baƙa ƙirin, daga wannan gefe zuwa wancan. Ga ɗan gashin baki ta bar shi. An yi mata kitso da zaren ulu an naɗe a ka, an soka furanni manya-manya, kowane yatsa da zobe, wuya ya sha duwatsu. Kuma ba murmushi take ba. Kallonka take kai tsaye, kamar kai ne ka zo neman alfarma.

A lokacin mu aske gira muke mu ja siririya da jagira. Ban san sanda bakina ya ce, "Wannan kuma babu reza ne a garinsu?"

Hajiya ta juyo da sauri. "A'a! Ashe da baki."

Lawban ba ta ji me na ce ba, amma tun shigowarmu take kallon tafiyata. Ta zagayo, ta sunkuya, ba ko neman izini, ta ƙwanƙwasa ƙwaurina da bayan yatsa. Ya yi ƙwas-ƙwas. Ta miƙe ta nuna hoton, sannan ta sa gefen hannu ta yanka ƙasan gwiwarta.

Labarin ya biyo baki uku kafin ya iso ni. Baturiya ta faɗa wa lawban, lawban ta faɗa wa Hajiya da guntun Turanci da hannu, Hajiya ta juye mini da Hausar zango. Daga baya na bincika, yawancinsa haka yake. Matar mai zane ce, 'yar ƙasar Mexico, ta rasu tun kafin a haife ni. Shan inna ya taɓa mata ƙafa tana yarinya, ta tashi da ɗaya siririya. Tana budurwa motar haya ta yi haɗari da ita, ƙarfe ya shige ta, bayanta ya karye. Aka yi ta yi mata aiki har ƙarshen rayuwarta, daf da rasuwarta ma aka yanke ƙafar, ƙasan gwiwa. Dogayen siket ɗin nan na matan wani yanki ne na ƙasarsu, ta ɗauka ta mayar nata. Ga shi ta mutu da daɗewa, amma matan Turai suna aiko hotonta har China a ɗinka musu irin kayanta.

Hajiya ta ce, "Tun da muka shigo kana kallonsa. Ka tambayi ƙafarsa?"

Na ce a'a.

"To ka gani. Gira ka gani, fure ka gani."

Na gane abin da take nufi, amma bai taɓa ni ba. Rufewa ce dai, ta masu wayo, a ja idon mutane sama don kada ya sauka ƙasa. Wannan zai yi wa manya aiki. Yarinya kuwa tsayinta bai wuce ƙugu ba, abin da ke ƙasa shi take gani.

Muna shirin fita lawban ta jawo littafin da aka yayyanka daga ƙarƙashin teburi, ta buɗe wani shafi ta turo mini. Matar ce a kwance a gado. An ɗaure mata jiki da filasta daga ƙirji zuwa ƙugu, irin farin simintin nan da ake sa wa mai karaya. Ga madubi a hannu ɗaya, ga burushi a ɗayan, tana zane a kan simintin da ke jikinta. Kan nata a gyare, da zobbanta. Ba ta ja mayafi ta rufe ba, mai hoto yana tsaye a kanta.

Ba zan ce wani abu ya faɗo mini daga sama ba. Na dai tsaya ina kallo har dungulmin ya fara zugi, Hajiya ta ce mu tafi. Lawban ta yarda ta sayar mini da siket biyu da riga ɗaya daga cikin waɗanda ɗinkinsu ya ɗan karkace. Ta ɓamɓaro hoto ɗaya za ta ba ni kyauta, na ce shiyeshiye, na gode, ban karɓa ba. Ba zan rataye fuskar mutum a ɗakin da nake salla ba. Har yau ban taɓa mallakar hotonta ba.

A tasi muna komawa, ruwa yana zuba, sai kwanukan jerena suka faɗo mini a rai. Langogin da aka jera mini a kabad lokacin aure, masu jan fure a murfi, waɗanda in ka kifa su za ka ga daga Chinan nan aka yi su. Tun tana rarrafe yarinyar take jawo murafen, ta zauna ta sa yatsa tana bin furen, ganye bayan ganye, wani lokaci har ta lasa. In da mutane in buge hannun, in babu kowa in ƙara miƙo mata wani. Duk abin da ke da fure ba ta tsoronsa. Ko ɗan akuya ne aka ɗaura wa ƙyalle mai fure, bin sa take.

Da dare na ce wa Yaya ina so a zana wa ƙafar fure irin na langa. Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake, har ya ji daɗi na fara wasa. Da ya ga da gaske nake sai ya ce in kwanta in huta, gobe Juma'a.

Washegari muka je Masallacin Huaisheng. Tsohon masallaci ne ƙwarai, da wata doguwar hasumiya mai launin toka, da itatuwa a harabarsa. A ƙofar ɓangaren mata na zauna na cire takalmi, na dama da kansa, na hagu sai da na sa hannu biyu na fizge. Safar ta biyo shi. Tsofaffin matan garin masu fararen huluna suka ga ƙafar da dabbaren lallenta, suka kau da kai da sauri, irin kau da kan da ake yi don a kyauta maka. Na san shi, shekara biyu ina ganinsa. Na yi sallata a zaune.

Da aka idar, na sami Yaya a bakin titi wajen masu gasa naman rago da gurasa, cikin 'yan Kano da 'yan Maraɗi da 'yan Kumasi, ana ta Hausa kala-kala. Ya rabu da su muka ɗan taka gefe. Na sake tayar da maganar.

"Ke wai ƙafa ce ko kwanon jere?" in ji shi. "Mun baro Kano, mun keto duniya, don a kalle ki a ce ba a gane ba. Yanzu kuma ki ce a yi mata ado, kowa ya zo ya gani?"

"Yaya, an riga an gane."

"To a sa safa mana. Me maigidanki zai ce? Me surukarki za ta ce? A ce matar aure, uwar ɗiya, tana yawo da fure a ƙwauri kamar motar haya? Haba. Ki bari mu koma da mutuncinmu."

Na ce ba don su ba ne. Ya ce to don wa.

Sai na faɗi sunanta. Cikakke, a bakin titi, a gaban yayana. Ban taɓa furta shi da ƙarfi ba tun ranar da aka raɗa shi, har na ji shi wani iri a bakina. Na ce, "Ba ta zuwa wurina, Yaya. Tun asibiti ba ta taɓa ni ba. 'Yata ce, ina son ta, kuma tsorona take ji. Ni ba tafiya na zo nema ba."

Kunya ta kama shi, ya juya yana kallon mai gurasa kamar zai saya. Shi ma ɗan fari ne. Har uwarmu ta koma ga Allah bai ji sunansa a bakinta ba. Muka daɗe a tsaye, babura suna wucewa, hayaƙin nama yana shigar mini ido. Can ya gyara hularsa, bai dube ni ba, ya ce, "Wane irin fure?"

Tsohon da ya yi ƙafar da farko ya ƙi. Hajiya ta ce cewa yake aikinsa a yi abin da ba za a lura da shi ba, shekara da shekaru abin da ya koya ke nan. Ina ta ƙoƙarin kwatanta furen da hannu, sai idona ya faɗa kan kwanon da yake wanke hannu a ciki, a ƙarƙashin famfo. Langa ce, duk ta ɓamɓare a baki, da jan furen nan sak irin na kabad ɗina. Na nuna da sanda. Ya dubi kwanon, ya dube ni, ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ya ɗauki ƙafar a hammata, da kwanon a hannu, ya kai mu bayan layi wajen wani mai rubuta allunan shaguna.

Fentin mota aka sa. Ƙwaurin shuɗi mai duhu, furanni ja manya guda-guda suna hawa daga idon sawu, da korayen ganye a tsakani. Tafin da yatsun na ce a yi su baƙi da ja kamar an yi ƙunshi. Ta yi makonni tana warin fenti. Da na sa ta a ɗaki, da jan siket ɗin mai leshi, Hajiya ta zagaya ni tana tafa hannu, ta ciro wani furen roba daga cikin samfurin takalmanta ta soka mini a gefen ɗankwali. Na dubi madubi. Ban ji daɗi ba, ban ji baƙin ciki ba. Na dai ga mace a tsaye, kuma na daɗe ban ga hakan ba.

Shigar da na zauna a kanta ke nan har yau. An sauya mini ƙafa ba sau ɗaya ba, kowacce sai na kai wa wani mai fentin a-daidaita-sahu a unguwarmu ya zana mata. Gira na daina askewa, ta haɗe abinta, ashe da ma haka take. Siket ɗina da leshi a baki, kuma ba ya kaiwa ƙasa, da gangan. Da farko an yi gulma, har aka ce haɗarin ya taɓa mini kai. Yanzu 'yan matan unguwa ke aiko tela ya duba ɗinkina. Fuskar matar nan kuwa ta cika Kwari, a jaka, a riga, a bayan waya, masu sawa ba su san ko wace ce ba, balle su san ƙafa ɗaya gare ta. Kwanaki wata jikar Yaya ta nuna mini a waya cewa matar nan ma ƙafar robarta jan takalmi gare ta mai surfani irin na China. Na ce to, Allah Sarki.

Amma na yi gaba. Ranar da muka sauka Kano gida ya cika da 'yan barka. Na shigo da ƙafata, babu sanda, mata suna guɗa, suna satar kallon ƙasan siket ɗin suna haɗa ido. Surukata ta dubi furen, ta dubi ɗanta, ta ce sannu da hanya. Yarinyar tana bayanta, ta riƙe zaninta da hannu biyu. Ta yi tsawo. Ban dube ta sosai ba, da mutane. Ita ma ba ta matso ba, ranar ko washegari ko satin da ya biyo.

Na daina sa rai, ko in ce na koma yadda nake. Sai dai kullum da la'asar, in gida ya yi shiru, nakan fito da kujera ƙofar ɗaki in zauna, in miƙe ƙafar, in ɗan ɗage siket, in kama wani aiki.

Wata la'asar ina tsintar shinkafa a faranti, kaina a sunkuye, hankalina yana kan tsakuwa. Surukata tana barci, maigidan bai dawo ba. Na kai hannu zan zubar da tsakuwar da na tara, sai na gan ta. Tana zaune a ƙasa, ta jingina kumatunta da ƙwaurin, yatsanta yana bin jan furen da ke sama da idon sawu, ganye bayan ganye. Ban san tun yaushe take nan ba. Zai yiwu ta daɗe. Shekara biyu ina jiran hannun nan, da ya zo sai ya sauka a inda ba na ji.

Ba ta ɗago ba ta ce, "In na taɓa kina ji?"

Na ce, "Ina ji."

Ta ci gaba da bin furen. Na riƙe farantin da hannu biyu don kada in motsa.